Ranar da Ladabi Ya Fitar da Ni

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har jikokina sai na jero sunaye uku kafin in dace da wanda nake kira, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a filin makarantarmu ta kwana a nan Keffi ba. Na roƙi Allah in manta, har yau dai shiru.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kowane ma'aikaci na sayen babur da rediyo, ni kuwa ina ajin ƙarshe, babu komai a kaina sai kurket. (Na san wani zai ce mene ne kuma kurket. Wasa ne da ake jefo maka ƙwallo mai tauri kamar dutse, kai kuma ka tsare wasu sanduna uku da ke bayanka da faffaɗan katako. Kuskure ɗaya za ka yi a fitar da kai, ka je ka zauna.) Malaminmu na lissafi, wani Ba'indiye siriri, shi ya koya mana. Shi ne kuma ya ba ni tsohuwar mujalla mai labarin wani gwanin bugu da duniya ta san da zamansa.

Baƙar fata ne kamar mu, daga tsibiran nan na can hayin teku. Ubansa yankan rake yake yi a gonar wasu. Da reshen kwakwa ya koyi bugu, ba ko takalmi, har ya kai ya tsaya gaban Turawa a ƙasarsu, su wuni suna jifa ba su fitar da shi ba. Ba ƙarfi ne makaminsa ba, haƙuri ne. Na haddace labarin nan fiye da yadda na haddace darasi. Na yanke hotonsa na liƙa cikin akwatina, na kwaikwayi tsayuwarsa, har ɗingishin da aka ce yana yi saboda ciwon gwiwa sai da na ara. Lafiyata ƙalau, ina tafiya ina jan ƙafa, kai jama'a!

Sai ga labari: mutumin ya yi ritaya, an gayyato shi ƙasar nan ya duba matasa, kuma zai biyo ta makarantarmu. Yaro ɗaya zai zaɓa a kai shi Jos horo, daga can sai Ikko. Sharaɗinsa guda ne: shi da kansa zai yi jifa, kowa ya yi ta bugu har a fitar da shi, in an fitar da kai babu sakewa.

Babana yana da shagon yadi a kasuwa, kuma tuni ya auna mini benci a ciki. Ni ne ɗan fari, saboda haka ko sunana ba ya faɗa, balle ya yabe ni. Na tsugunna gabansa a zaurenmu na Angwan Iya na yi bayani.

"Wato ɗan nan, katako za ka riƙa ɗauka har Ikko?"

"Baba, sana'a ce. Mutumin nan da ita ya ga duniya."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To. Zan zo in gani da idona. In ya ɗauke ka, Allah ya ba da sa'a. In bai ɗauke ka ba, ranar da ka gama jarrabawa ka zo ka karɓi mabuɗi, kada in sake jin zancen."

Ranar ta zo. Baba ya zauna a gindin darbejiya da babbar riga, kamar wanda aka kira shari'a. Baƙon ya fito daga mota, sai na ga ashe dattijo ne. A hoto saurayi na sani, wannan kuwa ga furfura, ga ɗingishi na gaske. Yara huɗu suka riga ni, duk suka yi ta kai wa ƙwallo sara kamar masu faskare, ya fitar da su nan da nan. Ni ne na biyar. Ya tura masu tsaron fili, wato yaran da ke cafe ƙwallo in an buga, can nesa, yana zaton ni ma dukan hauka zan yi. Abokina Danjuma, ɗan Garaku, shi ke tsaye bayan sanduna, shi ma ya ja baya sosai.

Ya jefo. Na miƙa ƙafar hagu, na sunkuyar da kai, na tare ta da katako a miƙe, daidai yadda yake a hoton akwatina. Ƙwallo ta faɗi gabana ta kwanta lakwas. Wallahi ban taɓa yin tarewa mai kyan wannan ba. Na ga ya tsaya, ya gyaɗa kai. Ni! Ni ya gyaɗa wa kai!

To, ga ƙwallo a gabana, ba kowa kusa. Sai dattijon nan ya taho da kansa zai ɗauka, yana jan ƙafa. Ku duba mini: mai furfura, baƙo, zai zo ya sunkuya a gaban ƙafata, ni ina tsaye ƙiƙam, Baba na kallo. A gidanmu ko buta babba ya nufa, kafin ya kai hannu ka riga shi. Na san doka sarai, Ba'indiyen nan ya faɗa mana ya fi a ƙirga: mai bugu ba ya taɓa ƙwallo da hannu. Amma kafin kaina ya tuna, jikina ya gama aiki. Na jingine katako, na ɗauki ƙwallo, na goge ta da rigata (har da gogewa!), na tare shi a tsakiyar fili, na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu.

Sai muryar Danjuma, wadda ta fita don sabo ba don mugunta ba, tana neman a yanke mini hukuncin taɓa ƙwallo. Ba'indiye, shi ne alƙalin wasa, ya dube ni kamar zai yi kuka, ya ɗaga yatsa, alamar an fitar da ni.

Ina nan durƙushe. Dattijon ya karɓi ƙwallo, ya ce da Turancinsa mai kama da waƙa, "Na gode, yaro. Amma ka fita."

"Ranka ya daɗe, ɗaya kawai, a ƙara mini ɗaya."

"Na ce babu sakewa. Waɗancan huɗun ma sun so."

Sai dariya ta fashe, ɗalibai kusan ɗari uku, har da masu dafa abinci. Na miƙe na nufi bakin fili, na manta katakon a can, sai da na komo na ɗauka, dariya ta sake tashi sabuwa. Wanda ya biyo bayana, yaron da sau da yawa nake gyara wa riƙon katako, shi aka kai Jos.

Na iso gindin darbejiya ina jiran faɗa, don faɗa ma sauƙi ne a ranar. Sai na tarar fuskar Baba ta cika da fara'a. Ya dafa kaina a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Madalla. Duk yaran nan kai kaɗai ka san babba. Allah ya yi maka albarka." Ya ɗauka na ci. Da na ce masa an fitar da ni, sai ya ce, "To ai ba komai, ga shago."

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina auna yadi. Har ya bar duniya, duk baƙon da ya zauna a bencinmu sai Baba ya ba shi labarin yadda ɗansa ya durƙusa wa wani babban mutum daga ƙasar waje, ni kuwa ina gefe ina yanka atamfa, ina cewa amin. Yabo ɗaya na taɓa samu a bakinsa, kuma a kan abin da ya kashe ni ne. Ban ce ladabi ba shi da kyau ba, ni ma na koya wa 'ya'yana. Sai dai na ƙara musu da abin da ba a gaya mini ba: in aka ba ka dama guda tak, ka riƙe katakonka, ka bar dattijo ya sunkuya. In an tashi wasa ka bi shi har mota ka ba shi haƙuri.