Na Tankaɗe Ƙasa Ina Neman Haƙoran Doki

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da surukina Alhaji Idi na Mallawa ya ba ni kiwon dokinsa. Ni na jawo wa kaina. Shekara da shekaru ina cika baki a majalisa cewa a cikin dawaki na tashi (gaskiyar magana, jaki ɗaya ubana ya bari, shi ma gurgu). Alhaji ya ji, ya yarda. Da zai yi tafiya ya kawo mini dokin, Kili, da hannunsa, ya ce, "Malam, ai gidan masani na kawo shi."

'Yata Hadiza ke auren ɗansa, ga ta da tsohon ciki. Ka ga amanar ba ta doki kaɗai ba ce.

Ran kasuwar Guci na ce bari in hau mutane su gani. Maƙwabci ya sa mini linzami, na ce masa yatsana ke ciwo. A hanya wata mota ta yi ƙara, Kili ya zabura, ni kuwa na fizgi linzami da ƙarfin da nake jan guga.

Da muka dawo na buɗe bakinsa in duba. Haƙoran gaba suna nan, na tauna suna can ciki, amma tsakaninsu wayam, dasashi zalla, dama da hagu. Na ce a raina, shi ke nan. Na zubar wa dokin suruki haƙora.

Na bi hanyar Guci a sunkuye ina dube-dube. Na ɗauki rariyar matata na tankaɗe ƙasar gindin turke. Ta ce, "Malam, tuwon ƙasa za mu ci yau?" Na ci gaba da tankaɗe. Na hana Kili harawa, na koma dama masa kunun dusa kamar mai jego. Doki ya rame, ni ma na rame. Ko a sallah, haƙora nake gani.

Hadiza ta haihu, Alhaji ya dawo. Ranar suna na ja Kili har Mallawa a ƙasa. Bayan an shafa fatiha, gaban dangin miji kaf, na durƙusa da furfurata na ce, "Alhaji, na ci amana. Ka hukunta ni, kada abin ya shafi yarinya."

Alhaji ya buɗe bakin dokin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wanne ne ya fita?"

Na nuna giɓin.

Ya ce a hankali, "Malam, ai haka Allah ya halicci kowane doki. Nan linzami yake kwanciya, bisa harshe. In da haƙora a wurin, ina za a sa ƙarfen?"

Ba wanda ya yi dariya, saboda kunyar suruki. Wallahi gara a ce sun yi. Wani tsoho dai ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya shafa haƙarƙarin Kili da suka fito, ya ce a kai shi turke a ba shi harawa. Bai sake ba ni ko akuya ba.

Hadiza ta aiko mini cewa in na zo ganin jika in riƙa biyowa ta ƙofar baya, don matan gidan suna tambayarta ko Baba ya samu haƙoran.

Yanzu in ana hirar dawaki a majalisa, sai in ce ni ɗan mai jaki ne. Jakin ma ban taɓa leƙa bakinsa ba.