Takalmin Malam Barau

A Gumel an yi wani dattijo mai sayar da goro, Malam Barau, wanda in ana neman misalin kafiya ba a wuce ƙofar gidansa. Kafiya kuwa daban take da gardama. Mai gardama yakan gaji, ko ya ji ƙamshin tuwo ya ce a bar maganar sai gobe. Mai kafiya shi ne wanda zai ga gaskiya ƙuru-ƙuru, ya gane ta sarai, amma don bakinsa ya riga ya furta wani abu sai ya dasa ƙafa ya ƙi gusawa. Shi dai Malam Barau ya tsani kalmar nan. In aka jefe shi da ita sai ya harzuƙa, ya ce jaki ake wa zancen kafiya, shi mutum ne mai magana ɗaya, kuma tun da ya yi wayo ba wanda ya taɓa jin ya ce ya yi kuskure. Wannan suna shi ne abin taƙamarsa, ya fi ƙaunarsa da rumfar goron ma.

Ran nan aka yi suna a unguwarsu. Jama'a suka tuɓe takalma a ƙofar zaure, aka yi addu'a, aka shafa. Malam Barau ya fito yana ta zuba zance, ya zura ƙafa cikin wani baƙin sau-ciki ba tare da ya duba ba. Ashe na Tanimu tela ne, don wurin mutum ɗaya suka saya da sallah, iri ɗaya sak. Bambancin kawai, Tanimu ɗan firit ne, shi kuwa Malam Barau Allah ya hore masa ƙafa faka-faka kamar faifai.

Tun takun farko ya ji yatsunsa sun dunƙule, ya san ya yi aika-aika. Da an ƙyale shi, da ya zare ƙafarsa a hankali ba wanda ya sani. Sai tsautsayi ya sa Tanimu ya yi magana a gaban mutane.

"Malam Barau, ina jin kamar nawa ka saka."

Idanu suka juyo. Malam Barau ya ɗaure fuska. "Naka? Ni zan kasa gane takalmina? Nawa ne!"

Shi ke nan, baki ya furta. Tanimu ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ja wanda aka bar masa ya tafi shago, ya cusa ƙyallaye a ciki don kada ya suɓuce masa a hanya.

Malam Barau yana da wasu takalman a gida, amma ya san ranar da aka gan shi da wani, 'yan majalisa, abokan zaman hirarsa na unguwa, za su ce ya sallama. Saboda haka kasuwa da shi, masallaci da shi, gaisuwar mutuwa da shi, yana tafe yana cije leɓe kamar mai taka ƙaya. In an ce, "Malam, lafiya kake ɗingishi?" sai ya ce tafiyar dattako ce, yaran zamani ba su san ta ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Tanimu, wanda kullum sai ya bi ta gaban rumfarsa falaf-falaf, ya rusuna ya gaishe shi da ladabi har ya yi yawa.

Da Tanimu ya ga abin ya fara zama abin tausayi, sai ya faki idon mutane ya lallaɓo rumfar, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, don girman Allah mu musanya. Ba kowa a nan, ba wanda zai sani."

Malam Barau ya dubi takalminsa na gaskiya a ƙafar Tanimu, yalwatacce, mai laushi, har wani yawu ya haɗiye. Sannan ya kawar da kai. "Ba kowa? Ni fa, ba mutum ba ne? Tashi ka ba ni wuri."

Ranar Juma'a aka yi rana mai zafi. Ya taka har babban masallaci ya dawo, yana shiga gida ya zube a tabarma. Ƙafa ta kumbura suntum, takalmi ya ƙi fita. Matarsa Tabawa, wadda ta tsufa tana fama da halinsa, ta shafa man kaɗe tana ja yana salati, da ƙyar ya fito. Duk yatsun sun yi bororo, dunduniya ta saluɓe. Ta ɗora ruwan zafi ta zauna tana gasa masa.

"Malam, wannan kafiya taka wata rana sai ta kai mu asibiti."

"Kul!" in ji shi, yana yarfe hannu don zafi. "Kada in ƙara jin kalmar nan a gidana. Ke ma kin bi 'yan majalisa ke nan? To ki ji da kyau, ko gaban alƙali aka je, takalmin nan nawa ne."

Tabawa ta matse tsumman, ta ɗora a kan babban yatsa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Wa ya isa ya musa maka, Malam? Takalmi naka ne. Ƙafar ce ka ɗauko ta wani a gidan suna, sai ka yi haƙuri ka mayar wa mai ita."