Ɗanyar Madarar Malam Barmo

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta gindin dalbejiya a Malumfashi ya san Malam Barmo tela da abu biyu da yake taƙama da su. Na farko buzunsa na salla, wani farin buzun rago da tsakiyarsa ta yi sanƙo. In ya shimfiɗa shi sai ya shafa wurin, ya yi ajiyar zuciya, ya ce haka yawan nafila take yi wa fata, wai shi ba ya ma son mutane su lura. Na biyu kuwa ɗanyar madara, kuma ita ce ta hana mu sakat.

A faɗarsa, shekara goma sha tara ke nan kullum da hantsi sai ya shanye ƙwarya guda ta madara yadda ta fito daga jikin saniya, ko wuta ba ta gani ba. Wata Bafulatana mai suna Daso ke kawo wa gidansa daga ruga. Wai kakarsa ta wajen uwa Bafulatana ce, shi ya sa cikinsa ya san kan abin. Mu dai ba mu ga Fulatancin ba, domin mutum ne da ko maraƙi ya nufo shi sai ya haye dakali.

Abokin musunsa shi ne Malam Mantau, tsohon duba-gari, wanda ya yi shekara talatin yana leƙa randunan mutane. Kullum maganarsa ɗaya ce: a tafasa madara kafin a sha, domin ɗanya tana ɗauke da gudawa da zazzaɓi, wani lokaci har da tarin fuka. Sai Malam Barmo ya miƙe tsaye, ya bugi ƙirji, ya ce a dube shi da kyau a gaya masa ina tarin yake. In musu ya yi zafi kuma sai ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, ya warware, ya nuna mana farin gashi ƙwaya biyu ko uku da ya tsamo daga ƙwaryarsa ta safe. Wannan ne shaidarsa cewa daga hantsar saniya madarar ta zo bakinsa kai tsaye. Ba zan ɓoye ba, ni bayan Barmo nake. Ba don na san wani abu game da madara ba, sai don Mantau ya taɓa sa an zubar wa mahaifiyata kunun sayarwa tun ina ƙarami, kuma har yau ban huce ba.

Ana nan sai matar Malam Barmo, Iya Tasalla, ta tafi Funtuwa wajen 'yarsu da ta haihu. Kafin ta tafi ta gaya masa su Daso sun tashi da shanu, saboda haka ya haƙura da madara har mako guda. Kwana biyu da tafiyarta sai ga shi ya yi kiciɓis da Daso a kasuwa, ƙwarya a kanta. Ta ce masa babu inda suka tashi, uwargida ce ta ce a dakata har ta dawo. Mai hankali da nan zai tsaya ya yi tunani. Shi kuwa sai ya ce mata gobe ta ciko babbar ƙwarya ta kai masa shago.

Da yamma ya zo majalisa yana ta fara'a, ya ce gobe za a raba gardama. Zai kawo ɗanyar madara a sha a gaban Mantau. In cikin wani ya ko motsa, shi Barmo ya bar maganar madara har abada, kuma ya bar wa Mantau kujerarsa mai jingina, wadda ita kaɗai ce inuwa ba ta barin ta. Kujerar nan shekara da shekaru Mantau yana hararar ta daga kan benci. Nan take ya ce ya yarda.

Daso ta kawo madara da sassafe. Malam Barmo ya rufe ta da faifai ya ajiye kusa da keken ɗinki, a shagon kwano, cikin zafin bazara, har bayan la'asar. Mu huɗu muka sha, ni da shi da wasu marasa rabo biyu. Mantau ya naɗe hannu yana kallonmu kamar mai ƙirga awakin da za a kai mahauta. Tun a ludayin farko na ji wani ƙarni ya daki hancina. Na saci kallon Barmo, sai na ga shi ma ya yi turus, madara a baki, ya kasa haɗiyewa. Ya juya ludayi cikin ƙwarya yana neman gashin da zai nuna mana, bai samu ko ɗaya ba. Amma da ya ga idon Mantau a kansa sai ya haɗiye, ya ce yau ta ma fi ta kullum daɗi, ya ƙara ludayi shida.

Abin da ya faru washegari ba na son tuna shi. Ni dai na san tsakanin ƙofar ɗakina da bayan gida taku goma sha ɗaya ne, domin na auna shi ya fi sau ashirin kafin azahar. Sauran biyun ma haka suka wuni da buta a hannu. Malam Barmo kuwa, da yake shi ya fi kowa sha, kwana uku bai buɗe shago ba, har sai da aka aika wa Iya Tasalla ta baro mai jego ta dawo.

A rana ta huɗu muka je dubiya. Mantau ne a gaba, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya riƙo ƙullin gishiri da sukari a hannu. Muka tarar da Malam Barmo kwance a zaure, idanu sun zurma, ya naɗe buzunsa ya yi matashi da shi. Gaskiya na ji tausayinsa, duk da ni ma da ƙyar nake tsayuwa. Bayan gaisuwa Mantau ya tambayi jiki, sannan cikin ladabi ya tambayi ko yau zai aika a ɗauko kujerar ko sai gobe.

Ashe da sauran ƙarfi a bakin Barmo. Ya yunƙura ya zauna, ya ce ba a ci shi ba. Wannan ba madararsa ba ce. Tasa ba ta ƙarni, tana da sanyi da kumfa, kuma ba a rasa gashi a cikinta. Lalle Daso ce ta canja masa saniya, ko ta haɗo masa da ta wasu.

Bai san Daso tana cikin gida wajen Iya Tasalla ba. Sai ga ta ta fito, ta dire ƙwarya a bakin ƙofa, ranta a ɓace.

Ta ce, "Baffa, kar ka ɓata mini suna a gaban mutane. Shanun da nake tatsar maka su ne dai na kullum. Kuma ni tun da nake ban taɓa kawo madara da gashi ba, da ƙyalle nake tace ta tun a ruga."

Sai muka ji gyaran murya daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Iya Tasalla ce. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi mana sannu da jiki, sannan ta ce a daina ɗora wa baiwar Allah laifi. Ta ce ranar da Malam ya fara shan ɗanyar madara, shekara goma sha tara da suka wuce, mako guda ya yi a kwance, ya tashi ya ce wake ne. Ta ba shi shawarar a riƙa tafasawa, ya ce ta yi masa shiru, ba ta san Fulani ba. Tun daga ranar, da Daso ta juya baya sai ta ɗora madarar a wuta ta tafasa, ta sanya kwanon cikin ruwan randa ya huce, ta yaye yanar da ta taru a sama, ta buga da maburgi har kumfa ta tashi, sannan ta juye a ƙwarya ta kai masa.

Mantau ya shiga shafa gemunsa. Ni kuwa haushi ne ya cika ni, na tuna taku goma sha ɗayan nan da na yi ta yi a kan madarar da mai ita ma sau ɗaya tak ya taɓa sha kafin ranar.

Malam Barmo ya dubi labule. Sai ya laluba aljihun rigarsa, ya zaro 'yar takardar nan, ya warware ta ya ɗaga sama.

Ya ce, "Ƙarya ne, Tasalla. In tafasawa kike yi, in kuma Daso tacewa take yi, to wannan gashin saniyar da nake tsamowa kullum daga ina yake fitowa?"

Iya Tasalla ta ce, "Haba Malam. Da can kai ka ɗauka da gaske nafilarka ce ta yi wa buzun nan sanƙo?"