Yadda Ake Zuwa Kallon Wasan Wuta a Dubai a Dawo Ba a Ga Ko Tartsatsi Ba

Ke 'yar uwa da ke zaune a Dubai, wadda 'yan gida suka tasa a gaba da "turo mana wasan wutar sallah", matso kusa. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ki ci ado, ki sha zafi, ki yi tafiya har ƙafa ta kumbura, ki dawo ba ki ga komai ba. An gwada, ya yi. Maƙwabciyata Nafi ce ta gwada a ƙaramar sallar bana, a nan unguwar Al Ras. Ƙofar ɗakina ba ta rufuwa da kyau, shi ya sa komai a kunnena.

Mataki na 1: Cika baki tun da wuri

Shekara uku Nafi tana gaya wa dangin mijinta Mutari, can Maraɗi, cewa duk sallah a sahun gaba take kallon wuta, har toka na sauka mata a mayafi. Ba ta taɓa zuwa ba. Ranar sallah tana bakin murhu, abokan Mutari na jiran miya.

Ƙarya ta waya ba ta da nauyi, sai ranar da mai sauraro ya samu biza. Sadia, yayar Mutari, ta samu. Ta zo sarin mayafai, saura kwana biyu ta koma, kuma uwar miji ta ce kar ta dawo ba bidiyon wutar nan ta Nafi. Abin da Sadia ta kai gida, da shi za a san Nafi a dangin nan har ta tsufa.

Mataki na 2: Raina lokacin da aka sanar

An ce ƙarfe takwas da rabi, a bakin ruwa, can tsallake. Tun ƙarfe bakwai Martina, 'yar Kafanchan mai aiki a otel, ta leƙo daga ɗakin ƙarshe da silifas da gorar ruwa.

"Nafi, yalla, ku taso. Mutanen nan ba sa jira fa. Minti biyar ne, khalas, an gama."

"Haba Martina, takwas da rabi ta katin gayyata ke nan. Sai manyan baƙi sun zauna, an yi jawabi."

"Wane jawabi? Wuta ce fa, ba kamun amarya ba."

Sadia ta dubi silifas ɗin, ta dubi Martina, ta ce, "Bar ta ta je ta kama mana wuri."

Ke ma haka za ki yi. Mace mai daraja ba ta riga masu shimfiɗa tabarma zuwa biki. Ki sa a ranki mai kunna wutar yana can tsaye da ashana a hannu, yana tambaya ko kin iso.

Mataki na 3: Zaɓi kayan da suka fi nauyi

Watan Yuli ne, iskar waje kamar kin leƙa tukunyar dambu. Saboda haka shadda mai sitaci, sarƙa uku, takalmi mai tsini. Sai ɗankwali. Nafi ta ɗaura, Sadia ta ce ya karkace.

"Yaya, haka ake yayinsa a nan."

"To a nan ɗin ma ya karkace."

Sau huɗu ana kwancewa. Mutari ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo, can ya ce bari ya leƙa masallaci ya dawo. Namiji mai wayo. Ba a sake ganinsa ba sai da aka watse.

Mataki na 4: Kar ki je hannu rabbana

Kular dambun nama, jarkar zoɓo, tabarma. Taron minti biyar ba a zuwansa da yunwa.

Mataki na 5: Nuna wa baƙuwa kin san gari

Takwas da minti ashirin suka isa mashigar abra, wato kwalekwalen da ke tsallakar da mutane. Jama'a kamar ranar Arfa. Indiyawa, 'yan Filifin, Larabawa da keken jarirai, kowa ya jiƙe sharkaf. Nafi ta sa kular a gaba tana ture mutane. Wani dattijo ɗan Pakistan ya ce wa Sadia, "Shwaiya shwaiya, mama," wato ta bi a hankali.

"Wa ce mama? Ka girmi ubana!"

Nafi ta ga layi ba ya motsi. Abin da ba ta lura da shi ba, rabinsu ba layi suke ba. Tsayawa suka yi sun ɗaga kai, don daga nan ma ana gani sarai. Da ta tambayi mutum ɗaya da an gaya mata. Kar ki tambaya. Tambaya a gaban dangin miji tonon asiri ce.

"Yaya, layi na baƙi ne. Mu 'yan gari muna da hanyarmu."

Hanyar ita ce ramin nan na masu tafiya a ƙasa da ya bi ta ƙarƙashin ruwa zuwa tsallake.

Mataki na 6: Tabbatar kina ƙarƙashin ruwa lokacin da aka fara

Wannan shi ne gwaninta, sai an auna. Suna tsakiyar rami, sitaci ya narke, hoda ta gangaro wuya, sai suka ji dum, dum, dum daga sama.

"Nafi, mene ne wannan?"

"Gwaji ne, Yaya. Kullum sai sun gwada tukuna."

"Gwajin ya yi tsawo."

Nafi ta cire takalmi ta arce da kula a ka, Sadia na biye da tabarma tana salati. Suka ɓullo. Sama ba komai sai hayaƙi da warin albarushi, jama'a kuma sun juyo gida suna dariya.

"Matar ƙanena, ina sahun gaban?"

"Bana sun rage, Yaya."

Suka shimfiɗa tabarma a gefen hanya, suka ci dambu. Can Sadia ta nisa ta ce ita ma ta riga ta gaya wa rabin Maraɗi za ta ga wuta. Ko ta halin ƙaƙa a nemo bidiyo.

Mataki na 7: Ari bidiyon maƙwabciya, kar ki saurari sautinsa

Martina ba ta da rowa, nan take ta tura. Nafi ta duba cikin hayaniyar titi, ta ga ja da kore da ruwan zinari suna zubowa, ta aika Maraɗi. Ta ƙara da cewa ita ta riƙe wayar, shi ya sa ba ta fito a ciki ba.

Da safe uwar miji ta kira. Ashe an kunna wa gida duka, har da maƙwabta. Wuta na fashewa, muryar Martina na tashi a kai da Hausa tsantsa: "Kai jama'a! Wayyo Nafi, tana can tana ɗaura ɗankwali, ita da yayar mijinta mai kallon ƙafar mutane!"

Sadia ta fizge wayar. "Inna, ni tun la'asar nake ce mata mu fita."

"Ba ni ita," in ji tsohuwa. Nafi ta karɓa. "Nafisa, wutar ta yi kyau, Allah ya yi miki albarka. Ɗankwalin fa, ya ɗauru?"

Sanarwa

Duk wadda ta bi matakan nan ta kwashi kunya, ko shaddarta ta lalace, ko aka raɗa mata sabon suna a gidan miji, ba ruwana, ba da ni aka ƙulla ba. Ban aike ki ba, ban ɗaura miki ba. Nafi ma tun ranar ta daina gaishe ni, wai ni na baza maganar a unguwar Al Sabkha. Sharri ne. Mutum shida kacal na gaya wa, sai ke.