Ranar da Na Shafa wa Kilabiye Man Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Litinin a shagon kawuna da ke bakin kasuwar Garwa, inda nake buga wa mutane takardu a kwamfuta. A lokacin ban daɗe da samun difuloma ta sakatariya ba, kaina ya yi girman da ƙyar yake shiga ƙofar shagon.

Kilabiyen da nake aiki da shi (allon madannan kwamfuta ke nan, haka muke kiransa a nan) tsoho ne tukuf, Kawu ya samo shi a gwanjon wani ofis. Nauyinsa kamar turmi, kowane madanni sai ka danna shi da zuciya ɗaya kafin ya yarda, ƙararsa kuwa har masu sayar da atamfa suna ji. Kafin la'asar wuyan hannuna ya riƙa zafi ke nan.

A ƙofar shagonmu akwai Baffa Buba, wani dattijo Bafillace mai gyaran agogo, wanda a da shi ne ke gyara tafiretocin ofisoshin gari. Kullum na zo sai in jefa masa gaisuwar Fillanci, “Jam na, Baffa?” in wuce ban jira amsa ba. A ganina zamaninsa ya wuce, me mai tafireta ya sani game da kwamfuta?

Ranar Asabar da rana, bayan Kawu ya tafi ɗaurin aure, na kwance kilabiyen. Na tarar kowane madanni yana da ɗan sifirin a ƙasansa. Basira ta zo mini: idan na rage tsawonsu, ai za su yi laushi. Na sa abin yankan farce na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai na tuna ƙarfe yana son mai, na ɗauko man gyaɗan da Inna ta aike ni saye na ɗiga wa kowanne. (Ban yi rowa ba, Allah ya sani.) Na gwada, laushi kamar auduga. Na kulle shago ina tausayin sauran sakatarori.

Litinin da hantsi sai ga Yaya Salamatu maƙwabciyarmu, ta shigo tana haki. Shekara biyu ke nan da ta gama karatun jinya ba ta samu aiki ba, ga ’ya'ya uku, mijinta ya rasu. Wani asibiti a Figil yana neman ma'aikaciya, kuma ranar ce ta ƙarshe ta karɓar dosiye, wato takardun neman aikin.

“Ƙanwata, ki taimaka, takarda biyu ce kawai,” ta ce. “Motar Figil sha ɗaya za ta tashi, kuma sun ce sai bugaggiya.”

“Yaya, zauna ki huta. Minti goma ma ya yi yawa.”

Na yaye ƙyallen da na rufe kilabiyen da shi. Kwana biyu mai ya yi yana dahuwa a zafin Garwa a rufaffen shago. Na danna harafin farko, ya nutse bai dawo ba, ya cika layi uku shi kaɗai. Na danna na biyu, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Na buga gefen allon da tafin hannu, sai ga kiyashi suna fitowa daga tsakanin madannai, layi-layi, wasu suka hau hannuna.

Yaya Salamatu ta dubi agogon bango kawai, idonta ya ciko. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ga shi ɗaya shagon buga takardun da ke kusa ba su da wuta tun safe.

Bugun da nake yi ne ya jawo Baffa Buba. Ya leƙo, ya ɗaga kilabiyen ya sunsuna, ya dube ni.

“’Yata, wa ya soya ƙosai a ciki?”

Masu jiran layi suka fashe da dariya, har da wani jandarma da ya kawo takardar hutu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya ajiye kilabiyen. Ya koma rumfarsa ya jawo wata tafireta daga ƙarƙashin tebur, ya hure ta, ya ce wa Yaya Salamatu ta karanto masa. Da yatsu huɗu ya buga takardun nan tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Sha ɗaya saura kwata ta hau mashin zuwa tasha.

Ni kuwa ya zaunar da ni da kwano da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na wanke madanni fiye da ɗari a gaban duk mai wucewa. Sifirin ɗin da na yanke ba su gyaruwa, sai ya juye wani gwangwani cike da na tsofaffin biro, ya riƙa zaɓo masu laushi yana gwada su a kan yatsansa. Kwana uku muka yi. Da na dawo da kilabiyen kan tebur, madannan suna sauka da taɓawa kaɗan, suna tashi da kansu, hannuna bai ƙara zafi ba.

“Ni ma wannan ciwon ya dame ni shekara da shekaru,” ya ce. “Me ya hana ki tambaye ni?”

Na ce kunya ce. Ya yi murmushi, don ya san ba ita ba ce.

Bayan wata guda Yaya Salamatu ta dawo daga Figil da farar rigar aikin jinya a jaka. Rumfar Baffa ta fara tsayawa ta durƙusa, sannan ta leƙo ta gaishe ni, kuma ban ga laifinta ba. Abin da na koya shi ne, kafin in gwada basirata a kan abin da wani ya dogara da shi, in fara leƙa waje in ga ko akwai dattijon da ya riga ni yin wautar. Yanzu idan na gaishe da mutum, nakan tsaya in ji amsa.