Man Shanun da Ya Ƙi Tsufa

Wani ne a ƙauyenmu na kan dutse ya je neman auren Tudda, 'yar Si Lahsen mai alfadarai. Ana shan shayi, hira ta gangaro kan simen. Kun dai san mu da simen: a cuɗe man shanu da gishiri, a liƙe bakin tulu da laka, a binne, a manta da shi shekara da shekaru, sannan a tono a zuba a kuskus. Gidan da nasa ya fi tsufa da wari, shi ne gidan asali.

Si Lahsen ya ce nasa tun ranar sunan Tudda yake ƙasa. Sai gogan naku ya gyara jallaba.

"Ai wannan jariri ne, Baba. Namu kakana ne ya binne. Ranar da aka ɗan leƙa shi, jakin maƙwabta sai da ya suma."

"Kai, madalla! To Juma'a muna tafe, ni da uwarta, Lalla Itto. In kuskus ɗinka ya yi warin da ka faɗa, sai mu yi maganar Tudda."

Alhali kakan nasa ko tulu bai bari ba.

Gari na wayewa ya faɗa kasuwa, ya sayo man da aka kaɗa a safiyar, ya danna a tulu. Ya nufi wajen gwaggonsa Hadda, tana murza kuskus.

"Gwaggo, me ke tsufar da abu da wuri?"

"Baƙin ciki, ɗan nan. Dube ni. Kafin a haife ka ba ni da furfura ko ɗaya."

Shi ke nan, ya samu magani. Ya kai tulu ɗaki, ya tanƙwashe ƙafa a gabansa, ya marairaice murya.

"Sai haƙuri, ɗan'uwa. Saniyar da aka tatso ka... an yanka ta."

Ya buɗe, ya shinshina. Ƙamshi.

"Ɗan maraƙin ma ya faɗa rami. Makiyayin ya gudu birni. Yanzu kowa man gwangwani yake ci, ba mai ƙaunarka."

Ya sake shinshinawa. Ƙamshi dai.

"Au, taurin zuciya za ka nuna min?"

Ya shiga jero masifu: fari, fara, zaitun ya ƙi 'ya'ya, rijiya ta ƙafe. Tun yana ƙirƙira har abin ya fara taɓa shi, ya rushe da kuka. Ya daina cin abinci. Maƙwabta suka ji kururuwa, suka shigo gaisuwa.

"Inna lillahi! Wa aka rasa?"

"Saniya."

"Ta wa?"

"Uwarsa," ya nuna tulu. "Ku yi masa ta'aziyya da ƙarfi, don Allah, ko ya ji a jikinsa."

Ranar Juma'a baƙi suka iso. Gwaggo Hadda ta dire akushin kuskus. Mai neman aure ya fito rungume da tulu, ido ya faɗa, baya ya ranƙwafa, gemu har ya fara fari. Si Lahsen ya ja rawani ya toshe hanci, ya ce a buɗe da bismilla.

Aka buɗe. Man na nan fari tas, sai ƙamshin nono. Wani ƙuda ya zo, ya leƙa, ya wuce abinsa.

Si Lahsen ya lakata ya ɗanɗana. "Wannan ne kakanka ya binne?"

"Wallahi Baba, na yi iya yina! Ba irin baƙin labarin da ban ba shi ba, safe da yamma. Har mutuwar uwarsa na faɗa masa. Amma ka kwantar da hankalinka, ni ba na gajiya. In Tudda ta tare, da ita za mu riƙa zama ina jero masa baƙin labari."

Lalla Itto ta lalubi takalmanta.

"Tashi mu tafi, Lahsen. A gidan nan 'yarmu za ta riga man tsufa."