Farfesa Kore da Cokalin Bincike

"Cire hannunka daga tukunyata, Baban yara!"

"Bincike nake yi, baiwar Allah! Bincike!"

"To daga yau binciken ya riƙa dafa maka abinci."

Ta bango muka ji, har da ƙarar murfi. Haka duniya take yi wa manyan masana: matar Farfesa Kore ta yaye shi daga tukunya.

Kai, Allah Ya yi wa benenmu baiwa da wannan bawa nasa! Tsohon mai kula da sito ne a wani ɗakin gwaje-gwaje, inda ilimi ya yi ta shigarsa ta hanci yana jera kwalabe. Yana yin ritaya ya gano abin da ke cin al'umma: ƙarancin kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Nan take ya ɗora wa kansa nauyin ƙiyasta yawan wanda kowannenmu ke ci a rana. Na'urarsa kuwa katin zaɓen launi ne na shagon fenti. Ya kara shi a bakin miya, ya kanne ido ɗaya, ya ja tsaki. Ko telan benenmu bai tsira ba.

"Tela, fito da harshenka. Subhanallahi! Cikinka hamada ne. Ko akuya ta fi ka makoma."

Wani ikon Allah, kimiyyar ba ta motsawa sai an sauke tukunya. Ido kaɗai kuma ba ya isa, dole a ɗanɗana. Shi kuwa cokalin bincike, don tsabar ƙwarewa, duk nitsewar da zai yi da tsoka yake tasowa.

Da tukunyar gida ta rufe, sai binciken ya koma ƙofofin maƙwabta safe, rana da yamma. Matan bene suka haɗa baki a kan a karrama masani. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, sai a tarbe shi da kwano shaƙe da ɗanyen latas da kabeji.

"Ga kore zalla, Farfesa, ci ka auna mana!"

Ya ci. Ya yaba. Ya yi ta tauna kamar zomo, wando na zamewa, ciki na yi masa gardama a gaban jama'a.

Ran nan ƙamshin soyayyen nama ya turnuƙe bene daga ɗakin matar direba. Kafin mai ya daina tsartuwa Farfesa ya iso da katinsa. Ta buɗe ƙofa kaɗan, ta miƙo masa damin alayyafo.

Ya dubi ganyen. Ya leƙa ta saman kafaɗarta. Ya gyara tabarau.

"Ranki ya daɗe, saniyar nan da kike soyawa ai ciyawa take ci tun tana maraƙa. A kimiyyance, ganye ce."